Bayan jarrabawar ƙarshe a Masar: gida kai tsaye, zaman jiran shahadar digiri, ko bi ta Makka?

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, ɗalibanmu na ajin ƙarshe a Azhar da sauran jami'o'in Masar sukan rabu gida uku. Akwai wanda tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawar ƙarshe tikitin Kano yana cikin wayarsa. Akwai wanda zai ce ba inda za shi sai ya riƙe shahadarsa, wato takardar shaidar digirinsa, a hannu, ya kuma zaga ƙasar da ya yi shekaru a cikinta bai gan ta ba. Na ukun shi ne wanda ya daɗe yana tara 'yan kuɗi don ya tsallaka Saudiyya ya yi Umara. Ba wanda ya yi abin kunya a cikinsu. Sai dai hanyoyin uku ba su dace da kowa ba, kuma wanda ya ɗauki wadda ba tasa ba yakan biya da kuɗi, wani lokaci ma da shekara guda cur.

Ra'ayina zan faɗa tun yanzu don kada ka yi ta lalube. Ga mafi yawan ɗalibai, zama har takardu su kammala shi ya fi. Amma akwai waɗanda tafiya gida nan take ita ce daidai gare su, akwai kuma waɗanda in suka bar Umarar nan ta kuɓuce za su daɗe ba su sake samun irinta ba. Kafin ka san inda ka faɗa, ɗauko fasfonka ka duba ranaku biyu: ranar da shi fasfon zai ƙare, da ranar da iƙamarka, wato izinin zamanka a Masar, za ta ƙare. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah ko akwai darasin da kake shakkar ka ci. Waɗannan ukun su ya kamata su yanke hukunci, kafin kewar gida ko sha'awar yawo su sa baki.

Mu fara da gida, tunda can zuciya take. Jirgin EgyptAir yana tashi daga Alƙahira ya sauka filin Malam Aminu Kano kai tsaye, tafiyar wajen awa huɗu da rabi. Akwai kuma hanyar Addis Ababa da jirgin Habasha, ta fi tsawo, amma wani lokaci ta fi sauƙin kuɗi. Tikiti ɗaya za ka saya, ka huta da haya da abinci na wata uku ko huɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda naira ake aiko masa daga gida. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. Gaskiya ne fam ɗin Masar shi ma ya faɗi a watan Maris na 2024, daga wajen 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50, amma faɗuwar tasa farashin kayan masarufi ta tayar. Ga hayar gida ta yi tashin gwauron zabi tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, jama'a suka yi ta kwararowa Alƙahira. Saboda haka lissafin wanda ke zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, daban yake da na wanda ke haɗa kuɗin haya da abokai huɗu a Hayyul Ashir ko Darrasa. Na Bu'us ɗin ma ya je ya tambaya tun da wuri har zuwa yaushe za a bar shi a ɗakinsa bayan ya gama.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da kuɗi. Idan mahaifiyarka tana kwance, ko mahaifinka ya tsufa har ana kiranka ana cewa ka taho, to ka taho. Takarda ana iya biyo ta daga baya ko da wahala. Haka wanda aka riga aka sa masa ranar aure, ko wanda gonar gidansu ba mai tsaya mata a daminar nan sai shi. Waɗannan ba sa buƙatar dogon nazari. Abu ɗaya zan roƙe su: kada su tafi sai sun je ofishin rajistar takardu, wanda Misirawa ke kira Shahrul Aƙari, sun yi wa wani amintacce wakilci a rubuce, sun bar masa hotuna da kwafin fasfo da kuɗin da zai biya. Wakilin kuma ya kasance mai sauran shekara ɗaya ko biyu a ƙasar, mai haƙurin bin layi, ba abokin hira kawai ba.

Amma wanda ba shi da ɗaya daga waɗannan uzurorin, me zai tarar in ya sauka Kano a watan Yuni hannu rabbana? Mako biyun farko daɗi ne zalla: 'yan uwa na zuwa sannu da zuwa, tuwo da miyar kuka, ana cewa Ustaz ya dawo, limamin unguwa na tura shi gaba. Daga nan sai tambaya ta fara: yaushe za a tafi bautar ƙasa? Kuma ba amsa, domin hukumar NYSC ba ta sauraron wanda ya yi karatu a waje sai da shahadar digiri ta asali, da takardar makin shekarun duka, da takardar sakandare, da fasfon da ke nuna bizar shiga ƙasar da ranar fita daga Najeriya da ranar dawowa, da shaidar izinin zama. Takardun da ke cikin Larabci sai an fassara su zuwa Turanci, ga kuma tantancewar ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja. Bayan rajista ta intanet, sai an ga mutum ido da ido da takardunsa na asali. Wanda ya yi likitanci ma haka, hukumar likitoci ta MDCN ba za ta zaunar da shi jarrabawar tantancewa babu takardu ba. Wato wanda ya yi saurin dawowa bai riga kowa shiga sansani ba. Wurin jira kawai ya sauya, ya baro inda zai iya bin takardarsa da ƙafarsa ya koma inda sai dai ya yi ta kira a waya. Sauri ya haifi nawa kenan. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Ghana ƙa'idar ƙasarsa daban ce, amma ko'ina shahadar da aka tabbatar ita ake fara tambaya.

In ƙara da abu ɗaya da ba a cika faɗa ba. Wanda ya yi shekaru a ƙasar da ba zazzaɓin cizon sauro, kariyar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa. Saukarsa gida a tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, ta faɗo daidai lokacin da zazzaɓin ya fi kama mutane. Duk ranar da ka dawo, gidan sauro tun daren farko, kuma zazzaɓi na farko a je a yi gwaji, kada a tsaya ana cewa canjin ruwa ne.

Yanzu ga zama. A nan zan fi daɗewa, domin nan ne ribar take, nan ne kuma tarkon yake.

Shahadar Masar ba ta zama abin dogaro a wajen ƙasar sai ta bi hannuwa da dama. Natija, wato sakamakon jarrabawa, za ta fito, yawanci cikin Yuli ko Agusta. Hukumar jami'a ta amince da ita. Sai ka nemi shahadar wucin gadi da takardar maki a ofishin kwalejinka, a buga hatimin jami'a, ka kai ofishin tabbatar da takardu na ma'aikatar harkokin wajen Masar, daga nan ka wuce ofishin jakadancin Najeriya a Zamalek. Kowane mataki da nasa hotuna, da nasa kan sarki, da nasa layi. Ka tanadi jakar roba guda ka zuba komai a ciki: hotuna masu farin bango fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, kwafin fasfo da iƙama, katin ɗalibi, da canjin kuɗi ƙanana. Ka fita bayan asuba, ka tsaya wurin mai ful da ta'amiya ka cika cikinka, domin taga tana iya rufewa kafin azahar a ce maka gobe. In an miƙo maka takardar, kada ka bar gaban tagar sai ka karanta ta harafi da harafi. Sunanka, sunan mahaifinka, jerin sunayen, ranar haihuwa, duk su yi daidai da abin da ke fasfo. Idan a fasfo sunan mahaifinka ya zo a ƙarshe, a shahada kuma ya zo a tsakiya, ko aka musanya rana da wata a ranar haihuwa, gyaran a Alƙahira aikin 'yan kwanaki ne. Daga Gusau ko Azare kuwa aikin watanni ne, kuma wani ne zai yi maka in ya ga dama. Ka fitar da kwafi biyu ko uku duk a tabbatar da su, saboda ranar da za ka nemi digiri na biyu.

Wannan shi ne dalilin farko. Na biyu shi ne darasin da kake shakka. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya faɗi darasi ɗaya ko biyu yana da damar sake zama a zagaye na biyu. Wanda natija ta same shi a Alƙahira littafi kawai zai buɗe. Wanda ta same shi a Katsina sai ya nemi kuɗin tikitin zuwa da dawowa, in kuma iƙamarsa ta mutu sai ya fara da neman biza. Na Azhar sun san jarrabawar Alƙur'ani ta baki ba a yi mata alkawari. In har zuciyarka na raya maka wani abu game da wata takarda da ka rubuta, kada ka sayi tikiti.

Dalili na uku shi ya fi soyuwa gare ni. Waɗannan watannin su ne karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, da kake Alƙahira ba lacca ba jarrabawa. Halƙoƙin karatu a masallacin Azhar, wanda aka gina tsakanin 970 da 972, ba sa tsayawa don hutu, kuma kyauta ne: fiƙihun Malikiyya, nahawu, hadisi, tajwidi. Mahaddacin da zai iya karanta wa shehi izu ɗaya a rana, kwana 60 ya sauke, ya nemi ijaza da isnadi. Wannan takardar a masallatai da makarantun Islamiyya na gida tana buɗe ƙofar da shahadar jami'a ba ta buɗewa. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu, daga baya aka san ruwaƙin mutanen Barno, wato sashen ɗalibansu, a cikin Azhar. Malam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga garin nan ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Mutanen da suka yi watanni suna keta sahara abin da suke nema kenan, kai kuma motar haya ɗaya ce tsakaninka da shi.

Littattafai ma lokacinsu kenan. Bajekolin littattafai na Alƙahira a Janairu ake yi, ya wuce, amma shagunan bayan masallacin Azhar suna nan, ga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya kusa da Ataba. Ka sani dai takarda tana da nauyi. Tikitin zuwa Najeriya yawanci jaka biyu yake ba ka, kowace kilo 23, kuma tafsiri ɗaya mai mujalladi goma sai ya cinye rabin jaka. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku aika kwalaye ta kago tun da wuri, ka bar jakunkunan ga tufafi da tsaraba. Tsarabar ma ka rubuta sunaye ka ja layi: iyaye, kakanni, malaminka na allo, ƙanne. In ka ce kowa sai ya samu jallabiya da turare, kuɗin Umarar ne zai tafi.

Sai yawon ganin ƙasa. Da yawa cikinmu shekara huɗu suke yi tsakanin ɗaki da kwaleji da masallaci, su dawo a tambaye su dalar Fir'auna su yi shiru. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Alƙahira kaɗai ta isa ta cika mako guda ba tare da ka kwana a otal ba. Masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa wajen 642, shi ne na farko a Masar. Na Ibnu Ɗulun, da aka gama a 879, har yau yana tsaye da hasumiyarsa mai matakala ta waje. A maƙabartar Ƙarafa akwai kabarin Imam Shafi'i, akwai kuma na Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik wanda ta hanyarsa mafi yawan fiƙihun da muke karantawa a zaure ya iso gare mu. Gidan tarihin da ke Fusɗaɗ shi ke ɗauke da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 da aka mayar can a Afrilun 2021, har da Ramsis na biyu. Babban gidan tarihin da ke kusa da dalolin Giza kuma an buɗe shi gaba ɗaya a Nuwamban 2025. Abu biyu za ka kiyaye: manyan wuraren nan da katin banki ake biya, ba sa karɓar tsabar kuɗi, kuma katin ɗalibi yana rage rabin kuɗin shiga, bisa sharaɗin shekaru. Katin naka kuwa kwanansa ya kusa ƙarewa.

Wajen Alƙahira, zaɓi biyu ne suka fi fitowa, kuma kishiyoyin juna ne a wannan lokaci. Iskandariyya tana da nisan kilomita wajen 220, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis awa biyu da rabi zuwa uku. Iskar teku na kaɗawa, zafi bai cika wuce digiri 30 da ɗoriya ba, ga ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, ga ganuwar Ƙaitbai a bakin ruwa. Matsalarta ita ce duk Misirawa can suke tururuwa a Yuli da Agusta, ɗakin kwana ya yi tsada, bakin teku ba masaka tsinke. Ka tafi da jirgin safe ka dawo da na dare, ko ka bari sai Satumba. Luksor da Aswan kuwa a lokacin zafi masu yawon buɗe ido suke raguwa, otal ya yi araha, amma rana tana haura digiri 40 kusan kullum. Ɗan Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai mun saba. Ya saba, amma a gida akwai inuwar darbejiya da zaure. A Kwarin Sarakuna na Luksor dutse ne da rairayi, ba bishiya ko ɗaya. Ana fita da asuba, a dawo kafin ƙarfe goma sha ɗaya, sai kuma bayan la'asar. Tafiyar jirgin ƙasa wajen awa goma ce zuwa Luksor, Aswan ta ƙara uku. In kuɗinka ɗaya kawai zai iya, ni Luksor zan ce, kwana uku, ku uku ko huɗu a ɗaki ɗaya. Abu Simbel yana da kyau, amma ƙarin kilomita wajen 280 ne kudu da Aswan, wannan na mai hali ne. Dutsen Musa a Sina'i, mai tsawon mita 2,285, da dare ake hawansa a tarbi fitowar rana a sama, kuma ko a Agusta sai ka riƙe rigar sanyi. Hanyar tana da shingayen bincike da yawa.

Wannan ya kawo mu ga tarkon zama. Iƙamar ɗalibi a kan karatu ta rataya. Idan taka za ta ƙare a Yuli ko Agusta, ka je ofishin fasfo na Abbasiyya kafin ta ƙare, ka ji abin da za su nema daga wanda ya gama yana jiran shahada. Tun 2023 hukumomin Masar suka tsananta a kan baƙin da izininsu ya mutu, kuma ana tare mutane a hanya a tambaye su takarda. Kada ka hau jirgin Luksor ko motar Sina'i da hoton fasfo a waya kawai. Wanda ya bari ta mutu kuma tara tana jiransa ranar fita. Tarko na biyu ba na hukuma ba ne, na zuciya ne. Jiran shahada yana da daɗin fakewa. Wata uku ya zama shida, shida ya zama shekara, mutum yana barci har azahar yana cewa takardu ne ba su fito ba, alhali tsoron komawa gida ba aiki ne ya riƙe shi. Shekaru kuma na tafiya, abokan karatu sun shiga sansani sun fito. Ka sa wa kanka rana, ka faɗa wa iyayenka ita. In takarda ɗaya ta rage bayan ranar, lokacin ne wakilci ke da amfani.

To Umara fa? Hujjarta mai ƙarfi ce. Daga Alƙahira zuwa Jidda awa biyu ce a jirgi, daga Kano kuwa ninki biyu ne da ɗoriya, kuma bambancin kuɗin tikitin ya fi bambancin awannin. A 'yan shekarun nan hutun yana faɗowa cikin Muharram da Safar, bayan alhazai sun watse, lokacin da otal a Makka da Madina suka fi araha, wurin ɗawafi kuma ya fi sarari. Da Rabi'ul Awwal ya shigo farashi zai fara hawa. Matashin da zai koma gida ya shiga bautar ƙasa, ya nemi aiki, ya yi aure, Allah kaɗai ya san shekarar da zai sake tara kuɗin zuwa daga Najeriya. Ga Larabci a bakinsa, ba ya buƙatar tafinta ko ɗan rakiya.

Sharuɗɗanta kuma ba wasa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Iƙamar Masar ta kasance da rai, domin da ita za ka nemi biza daga can. Ka yi allurar sanƙarau, katin rigakafin shawara kuma ya kasance tare da kai. Tun Yunin 2025 Saudiyya ta sharɗanta a nuna masaukin da aka kama kafin a ba da bizar Umara. Ka bi ta kamfani mai lasisi da ofishi, ka karɓi rasit. Kada ka miƙa fasfonka da kuɗinka ga dillalin da ka sani a WhatsApp kawai, ko da ɗan garinku ne. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a dala ɗaya, saboda haka duk abin da ka kashe a can kamar dala ka kashe. Akwai kuma bizar ratse ta awa 96 da aka fara a Janairun 2023 ga masu tafiya da jiragen Saudia da flynas, wadda ake iya Umara da ita. Wanda ke son bin wannan hanya ya je ofishin kamfanin jirgin da fasfonsa ya tabbatar za a ba shi kafin ya biya ko sisi.

Zafin Makka a wannan lokaci kashe mutum yake yi. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, ma'aunin zafi ya haura digiri 51. Umara ta fi sauƙi domin kai ke zaɓen lokacinka: ka yi ɗawafi bayan isha'i ko kafin asuba, wurin sa'ayi a rufe yake da sanyi, rana kuma ka zauna cikin Harami ko a ɗaki. In ka fara da Madina, ka nemi izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk tun kafin ka tashi, ka ɗaura harami a Zul Hulaifa, jirgin ƙasan Haramaini ya kai ka Makka, kilomita 450, cikin wajen awa biyu da rabi. In kuma Jidda za ka sauka, ka sa tufafin harami tun a filin jirgin Alƙahira, domin tafiyar gajeriya ce, kafin ka ankara an zo daidai miƙatin Juhufa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce yaushe. Wasu sukan bar ta sai ƙarshe: Alƙahira, Jidda, Kano, ba dawowa. A takarda wannan ya fi sauƙin kuɗi. Amma a lokacin iƙamarka ta kusa mutuwa ko ta mutu, farashi ya hau, ga kayan shekara huɗu kana ja a tashoshi, kuma jiragen da ke da arahar tikiti a kan kaya suke fanshewa. Ni na fi ganin a yi ta a tsakanin jarrabawa da fitowar natija. Makonnin nan ba abin da za ka iya yi wa takardunka ko kana gari. Iƙama na da rai, Muharram ne ko farkon Safar, jakar baya ɗaya ta ishe ka. Kwana goma ka je ka dawo ka tarar da natija. Sai dai ka tabbatar a ofishin fasfo cewa iƙamarka ta ba ka damar fita da dawowa.

Abu biyu ne ba zan yi shiru a kansu ba. Kada ka ci bashi don Umara. A mazhabarmu sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, ga mai iko. Kuɗin tabbatar da shahada da tikitin gida su ne a gaba, abin da ya rage shi ake dubawa. Na biyu, kada wani ya ruɗe ka da cewa ka zauna can ka ɗan yi aiki ka tara jari. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa a Saudiyya yana fuskantar tarar da ke kaiwa riyal 50,000, da ɗauri, da kora, da hana shi dawowa. Ɗan Azhar da shahada a hannu ba shi da dalilin zama mai gudun 'yan sanda a lungunan Jidda.

Ƙannena mata, lissafinku yana da ƙarin layi. Tun 2022 Saudiyya ta daina sharɗanta muharrami ga mai zuwa Umara, amma izinin hukuma bai share maganar malamai ba, bai kuma share yardar iyaye ba. Mafita mai kyau da wasu gidajen ke bi ita ce uba ko yaya ya taso daga gida ku haɗu a Jidda. Kuma sau da yawa iyaye sun fi matsa wa 'ya mace ta dawo da zarar ta ajiye alƙalami. In haka ta faru, ki nemi alfarmar makonni kaɗan har natija ta fito ki ga shahadar wucin gadi da idonki, sauran ki bar wa wakiliya.

Yadda ake faɗa wa iyaye ma yana da tasiri. In Umma ta kira ta ce, "To ɗan nan, tunda an gama sai yaushe?" kada ka ce mata sai yadda ta yiwu. Ka ce, "Umma, ki ƙara min haƙuri zuwa ƙarshen Satumba. Sakamako zai fito, in karɓi takardata a buga mata hatimi, in taho gaba ɗaya ba sai na sake komawa ba. Ki sa ni a addu'a." Da Baba kuma ka zauna da lissafi a rubuce: haya nawa, abinci nawa, takardu nawa, a gefe guda kuma kuɗin tikitin zuwa da dawowa in aka samu matsala kana gida. In ya ga alƙaluman, shi da kansa zai zaɓa.

Tikitin gida kada ka saye shi sai natija ta fito, kuma ka ƙara ɗan kuɗi ka sayi wanda ake iya sauya masa rana. In ka sabunta fasfo a tsakiyar karatu, tsohon ka adana shi tare da sabon, domin a cikinsa bizar farko da hatimin fitarka daga Najeriya suke, kuma za a tambaye su a wurin tantancewa. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa kanka ta imel. Ranar tafiya, shahada da takardar maki da fasfo biyun su kasance a jakar hannunka, kada su shiga akwati, balle kwalin kago.